Akurkin da Na Saƙa wa Kaina a Birnin Tsiri

Da sunan Wanda ya tsirar da goruba a fako, ya ba ta kaba, ya ba ɗan Adam yatsu, ya kuma sanya wa wasu yatsun ƙaiƙayi. Ku matso ku zauna, mai tabarma ya shimfiɗa, marar tabarma ya nemi dutse. Ni ne Tunau ɗan Anaruwa, mutumin Rafin Kaba, garin da ke bayan jajayen tuddai, inda yaro ke koyon tsaga kaba tun bai iya ɗaura wando ba. Zan gaya muku yadda bakina ya jawo aka ɗauke mini mata, da yadda na bi ta har ƙasar da gidaje ke huda gajimare.

A garinmu kwando ɗaya mutum biyu ke yinsa. Namiji ne ke sarar gora, ya tsaga ta da wuƙa, ya fere ta sirara-sirara, su ne muke kira haƙarƙari. Ya gicciya su ya kafa gindi, ya ɗauko jiƙaƙƙiyar kaba ya yi ta zagayawa, nan ta sama nan ta ƙasa, har bango ya tashi. Daga nan sai ya miƙa wa matarsa, ita ke kalmasa baki. Ta lanƙwasa kawunan haƙarƙarin, ta buɗa hanya da tsinken ƙarfe, ta ɗinke da basilla, ta ɓoye wutsiyar kabar inda ko aljani ba zai gano ba. Kwandon da ba a kalmasa ba, kafin wata ya mutu ya warware.

Matata Kyallu gajera ce, baki gare ta kamar barkono. Ban taɓa miƙa mata kwando ba ta karɓa ba tare da ta ce gindin ya karkace ba, alhali duk Rafin Kaba an san babu mai kafa gindi kamata. Ina son matar nan, wallahi, so mai tsanani. Amma can cikin raina na ɗauka abin da ya zaunar da ita a gidana hannuna ne, don in dai kyau ne ba ni da shi, dukiya kuwa ko akuya ba mu ajiye ba.

Wata ranar kasuwa sai ga waɗansu baƙi dogaye, rigunansu na saƙaƙƙiyar kaba, riƙe da wani tsohon kwandonmu da fatake suka kai ƙasarsu. Sai shafa bakin kwandon suke yi kamar masu shafa kan jariri. Suka tambaya wane gwani ne ya yi wannan. Da na yi shiru da an zauna lafiya. Ina! Na miƙe na gyara hula, na ce matata ce, na ce babu kamarta daga nan har bangon duniya, na ƙara da cewa in suna son ganin hannun da idonsu, ga ta can bakin tafki tana jiƙa kaba. Har da nuna musu gajeriyar hanya.

Ban gama baza haƙora ba na ji kasuwa ta kaure. Wani gauraka mai girman rumbu ya taso daga bakin tafki, baƙin nan a bayansa, Kyallu a tsakiyarsu tana dukansu da damin kaba. Na bi su da gudu ina ihu har numfashina ya ƙare. Maganar ƙarshe da na ji ta jefo daga sama ita ce in tsame sauran kabar kada ta ruɓe.

Na je na tsame, na shanya, sannan na zauna na yi kuka har da majina. Da gari ya waye na soke tsinke da basilla a cikin naɗin hulata, na rataya wuƙa, na ɗaure kaba da gora dami guda, na nufi inda tsuntsun ya nufa.

Na ci tafiya har takalmina ya huje, sai na faɗa wani fili da babu ko tsiro, sai suri manya-manya kamar duwatsu. Na shimfiɗa tabarma in huta. Ina zaune sai na ji ƙasa na taɓa mini jiki, ko da na duba, tabarma ta tafi saura gefe. Gara ce, jama'a, kowace ɗaya ta kai ɗan akuya. Kafin in miƙe sun cinye sandata, sun fara ɗanɗana damin da ke bayana. Na haye wani falalen dutse, suka kewaye ni suka zauna, ba gaggawa suke yi ba.

Ina can sai na tuna kwandon da aka rataya bisa murhu, hayaƙi na dukansa kullum, gara ba ta kusantarsa. Na tattara gansakuka da busasshen kashin tsuntsaye da ke kan dutsen, na ƙyasta wuta, na turara damina, na turara rigata, sannan na tsuguna na turara kaina har na koma kamar gindin tukunya. Na sauko na ratsa tsakiyarsu ina tari. Suka dinga darewa suna atishawa, wata tsohuwa a cikinsu ta sansana ƙafata ta juya da baya.

Bayan filin sai kogi, faɗinsa ido ba ya kaiwa, babu jirgi babu mai fito. Na zauna a gaɓa na kafa gindi mai faɗi, na tayar da bango, kowane zagaye sai na danne shi da bayan wuƙa har ya manne da na ƙasa. Na tsoma shi a ruwa kabar ta kumbura ta toshe 'yan kafofin da suka rage, na shafe bayansa da laka da kashin dorina. Baki kuwa na bar shi tsaye cako-cako, don ban iya kalmasa ba, kuma ganinsa haka ya sake tayar mini da kukan. Kwandon bai sha ruwa ba ko kaɗan. Abin da ban lissafa ba shi ne abu mai da'ira ba shi da gaba ba shi da baya. Tun da na shiga yake juyawa da ni kamar mazari, har ruwa ya gaji ya tofar da ni a wancan ƙetare.

Da na fito ƙafafuna suka ƙi miƙe hanya. Ina ta zagaya wata bukka, sai wata tsohuwa ta fito ta riƙe mini riga ta zaunar da ni, ta tambaye ni ko ɗawafi nake yi. Sunanta Iya Tambai, ita ke yankan kaba tana ɗaura wa mutanen sama a ƙugiya suna ja. Ta ba ni kunu, ta ce in ɗaga kai. Na ɗaga har hulata ta kusa faɗuwa. Kwanduna ne a tsaye kamar dajin giginya, kowanne faɗinsa ya kai gida, tsawonsa ya shige cikin gajimare, an haɗa su da gadoji da tsani na igiya. Ta ce wannan shi ne Birnin Tsiri.

Ta warware mini yadda abin yake. Mutanen nan sun yi imani duk wanda ya rufe bakin kwandon da shi ko danginsa suka fara, kwanansa ya ƙare. Saboda haka kaka ya fara, ɗa ya ɗora, jika ya ɗora, suna zaune a sama suna ta saƙa don kada ya warware, ba hutu, ba barcin rana, wasu ko aure a tsaye ake ɗaura musu da kaba a hannu. Da aka kawo Kyallu, wadda ba danginsu ba ce, ta kalmasa gidan Magajin Tsiri, mai mulkin birnin, mutumin ya ajiye hannunsa a karo na farko a rayuwarsa, ya yi barci har aka zaci ya mutu. Yanzu kowa layi yake bi. An ba ta ɗaki mai labule, ana yi mata fifita, ana kiranta Uwar Baki.

Na tambayi Iya yaushe za ta gama su sallame ta. Ta dube ni da tausayi.

"Ɗan nan, gidajen nan sun fi gashin kanka yawa. Ko jikanyarta ba za ta gama ba."

Wani abu kuma ya tsaya mini a ƙirji wanda ban gaya wa tsohuwar ba. Matar da ake yi wa fifita, me za ta koma yi a gidan mutumin da ko akuya ba shi da ita?

Duk da haka na shiga cikin damin kaba na dunƙule, Iya ta ɗaura ni a ƙugiya, aka ja ni sama kamar guga. Da aka kwance damin a gaban Magaji na faɗo, baƙi ƙirin, ina warin hayaƙi da dorina. Magajin ɗan firit ne, idanunsa a kumbure saboda sabon barci. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe, matata na zo ɗauka. Ya yi hamma ya ce babu laifi in gan ta, amma ɗauka kam babu, kuma tun da na iya ɓuya a dami, a yi mini akurki a rataye ni a gefen gidansa inda ido zai riƙa ganina.

Aka kira Kyallu. Ta shigo da sabon zane, ta yi 'yar ƙiba. Ta dube ni sama da ƙasa, fuskar nan a ɗaure tamau, ta tambaye ni ko na tsame kabar. Na ce na tsame. Ta juya wajen Magaji ta ce ita za ta saƙa akurkin da hannunta, don ta san halina, amma ita ba ta kafa gindi, sai dai ni in kafa.

To, ku ji wauta. An ce ka saƙa kurkukunka, ai sai ka yi shi sako-sako. Amma ga mutanen Tsiri sun taru suna kallo, ga Kyallu tsaye a kaina. Na zaɓi gora mafi kyau, na fere, na gicciya, na kafa gindin da tun da uwata ta haife ni ban yi kamarsa ba. Na zauna a tsakiyarsa, ita ta tayar da bango a kewaye da ni, ta rufe sama, ta gitta sandar gora mai kauri, aka rataye ni. Ƙasa ba a ganinta, sai gajimare.

Da na gaji da tausayin kaina na fara duba aikin, don masaƙi ko a kabari aka sa shi sai ya duba yadda aka jera itacen. Ta gaba aikin ya yi kyau ƙwarai. Da na juya ta baya, ɓangaren da ke kallon wani tsani, sai na ga wata ɓarna. Ta tsallake haƙarƙari, kabar ta yi sako-sako, wuri ne da in ka tura da kafaɗa zai buɗe har mutum ya wuce. Kunya ta rufe ni. Kyallu, Uwar Baki, a ce ta yi irin wannan aiki? Na ce lallai ganina ne ya rikita ta. Na ce gobe wani ɗan Tsiri zai hango ya yi mata dariya, matar da na cika baki a kanta a gaban kasuwa. Yatsuna suka fara ƙaiƙayi. Na zare tsinke da basilla daga hula, na tsinci ragowar kaba a ƙasan akurkin, na jiƙa da ruwan shan da aka ajiye mini, na bi wurin nan zagaye-zagaye na toshe shi, na danne da bayan wuƙa. Da na gama ko allura ba za ta shiga ba. Na koma na zauna ina jin daɗin kaina.

Washegari da rana ta take, waɗanda aka kalmasa wa gidaje suka bi sabuwar al'adarsu ta barci, har da masu gadin tsani. Sai na ji motsi ta baya. Kyallu ce, da nannaɗaɗɗiyar igiya a kafaɗa, tana raɗa mini in turo. Na ce in turo me? Na ji tana laluben bangon. Ta laluba, ta sake lalubawa.

"Maigida, ina ƙofar da na bar maka?"

Na ce ai na ga kuskure ne na gyara mata, don kada a raina ta.

"Ka gyara," in ji ta. "Na yi ta tufka igiya a ɓoye da guntayen kaba har yatsuna suka fashe, na haɗiye dariyata da kukana a gaban mutanen nan, na bar maka ƙofa, kai kuma ka gyara."

Abin da ya biyo baya ba zan maimaita ba, akwai yara a nan. Ta wanke ni tas, da ni da kakannina masu kafa gindi, duk cikin raɗa. Ni kuwa ina ciki baki har kunne, don ban ji zagin ba, abin da na ji shi ne ashe tafiya take son yi da ni.

Gyarana ya ƙi warwaruwa, dole ta hau saman akurkin ta nemo wutsiyar da ta ɓoye, ta kwance rufin. Wannan ya ci lokaci. Tana faɗowa ciki aka fara hamma a gidan Magaji, wani ya hango mu ya yi kururuwa, tsanin da muka yi niyyar bi ya cika da mutane. Igiyarta kuwa ta yi ta ne don ta kai mu wata gada da ke ƙasa kaɗan, ba don ta kai mu ƙasa ba. Ta ɗaura bakin igiyar a ƙugiyar da aka rataye ni, ta naɗa ta a sandar gorar nan, ta danƙa mini, ta yanke tsohon maratayin da wuƙata. Ta ce in riƙa sassautawa a hankali, sauran ita ta san yadda za ta yi.

Muka fara sauka, igiya na bi ta tafin hannuna. Ita kuwa ta kama bangon akurkin tana warwarewa daga sama, tana tufka kabar a cinyarta, tana ƙullawa a wutsiyar igiyar. Busasshiyar kaba karyewa take yi in an murɗa, amma Allah ya taimake mu muka shiga gajimare, laimarsa ta jiƙa mana ita ta yi laushi kamar an kwana da ita a tafki. Kyallu har da cewa da a gida muke da irin wannan da ta huta da zuwa bakin ruwa.

Sai na ji an fizge mu sama. Mutanen Tsiri ba za su yanke igiyar ba, don suna son Uwar Bakinsu da rai, sai suka kama ja. Suna ja muna saki. In na sassauta a hankali sama za mu koma, dole na bar ta ta riƙa gudu, ina damƙewa ina saki. Tafin hannuna ya yi zafi, ya kumbura, ya fashe. Ban gaya mata ba, ta isa da abin da ke gabanta.

Muka fito ƙarƙashin gajimare rana ta bushe kabar, ta koma jiƙawa da yawun bakinta. Bango ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa idon sawu. Da ta iso wurin da na gyara sai da ta sa haƙori, tana yi tana hararata. Can sai ya zama babu abin da ya rage sai gindi, muna tsugune a kai kamar kaji a faifai, ƙasa kuwa har yanzu bukkar Iya Tambai ba ta fi ƙwarya ba.

Ta dubi gindin, ta shafa shi da tafin hannu, ta ce wannan kam bai karkace ba. Tun aurenmu ban taɓa jin haka daga bakinta ba, kuma sai a ranar da za a warware shi. Na ce ta warware. Muka hau sandar gorar kamar masu hawan jaki, ta bi gindin nan zagaye-zagaye tana cirewa, haƙarƙarin na zubewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Da kaba ta ƙare ta yage gefen sabon zanenta, ta karɓi rawanin hulata, ta ƙulla. Igiyar ta zama ja a inda ta bi ta hannuna, yatsuna kuma na daina jin su.

Wutsiyar ƙarshe ta iso hannuna muna sama da kan bukka da tsawon giginya, ga masu ja sun fara ɗaga mu. Ƙarƙashinmu kududdufin da Iya ke jiƙa kaba ne, ban san zurfinsa ba. Na ce bari in fara faɗawa, in da rabo ta sauka a kaina. Ta ce mutumin da ya toshe ƙofar gudunsa ba za ta bar shi ya je ko'ina shi kaɗai ba. Ta rungume ni ta baya ta ce in saki.

Laka ce ta karɓe mu, har wuya. Iya Tambai ta jawo mu da ƙugiyarta tana salati, igiya kuwa ta koma sama da sandar gora kaɗai. Tsohuwar ta ce mu kwantar da hankali, gaurakan ba ya tashi da rana tsaka, kuma ta san hanyar cikin kaba da babu mai ganinmu daga sama.

Kyallu ta ɗebo ruwa ta ce in miƙo hannu ta wanke mini. Na ɓoye su a hammata. Ta fizgo su. Da laka ta fita muka ga abin da ya rage: fatar tafin ta tafi, igiya ta ci har jijiya, yatsun sun ƙandare sun ƙi lanƙwasuwa. Ga su nan, ku duba, har yau haka suke, ko tsinke ba sa riƙewa. Na san hannu, ina gani na san an gama. Tsoron da ban ji ba a filin gara, ban ji ba a cikin gajimare, shi ya kama ni a bakin kududdufin nan. Na kasa dubanta. Na ce mata ga shi na raba ta da ɗaki mai labule, kuma ba zan ƙara kafa mata gindi ba har abada, in tana son komawa sama ba zan riƙe ta ba, ƙugiyar Iya na nan.

Ta yage mayafinta ta naɗe hannuwan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, hawaye na ɗiga a kan ƙyallen. Da ta ƙulle ta share fuska da bayan hannu, ta kama ni ta gwiwar hannu ta miƙar da ni tsaye.

"Maigida, ni kwando na aura? Tashi mu tafi gida."